Shekarar da Na Kira Bilkisu Gida

Akwai maganar da na san tana yawo a dangin marigayi Kabiru, har ta shigo cikin gidan nan, wai ni na raba shi da matarsa, 'yata Bilkisu, a daidai lokacin da ya fi bukatarta. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Amma yanzu 'yarsu Hanifa ta yi wayo, ta fara tambayar dalilin da ya sa aka haife ta a Kaduna alhali kabarin ubanta yana wata ƙasa, ni kuma ba na so ta ji labarin a bakin wanda bai gani ba. Don haka, ku 'ya'yana, zan faɗa muku shi yadda ya faru, da abin da na sani a lokacin, da abin da ban sani ba.

Kun san dai duk rayuwar aikina a ofishin hasashen yanayi na yi ta, a filin jirgin sama, ina auna iska da ruwan sama ina gaya wa matuƙa ko su tashi ko su dakata. Da na yi ritaya na dawo gidanmu na Malali, sai halin ya ƙi sakina. Kullum bayan na karya sai in buɗe kwamfutar da ɗana Nasiru ya saya mini in duba hotunan tauraron ɗan'adam, kamar yadda wasu tsofaffin ke buɗe rediyo. Da farko nishaɗi ne kawai. Abin ya zama damuwa ne da Allah ya kai biyu daga cikin 'ya'yana bakin teku. Nasiru yana aikin asibiti a wani gari da ke gaɓar kudancin ƙasar Amurka. Bilkisu kuma ta bi mijinta Kabiru, injiniya, zuwa wani garin tashar jiragen ruwa a Mozambik, inda kamfaninsu ke aikin gyaran tashar.

Mutumin Kaduna bai san guguwar teku ba. Hadarin da ke kwashe mana rufin kwano a farkon damina yakan zo ya wuce kafin a gama kwashe shanya. Ta teku kuwa abu ce mai faɗin da ya kai daga nan zuwa Sakkwato ko ya fi, tana juyawa, tana tura ruwan teku ya hau gari. Ba ta tashi sai teku ya ɗauki zafi, kuma tekunan duniya ba lokaci ɗaya suke ɗaukar zafi ba. Na Atilantika, inda Nasiru yake, yakan fara wajen Yuni, ya yi tsanani a Agusta da Satumba, ya lafa a Nuwamba. Wani abin mamaki, da yawa daga guguwowin can a samanmu suke farawa. Hadarin da zai zubar mana da ruwa a Unguwar Shanu shi ne zai ci gaba yamma, ya faɗa teku ta wajen Senegal, idan ya tarar da ruwa mai ɗumi ya zama wani abu daban. Arewacin Tekun Indiya sau biyu yake tashi a shekara, kafin damina da bayanta. Yammacin Fasifik kuwa kusan ba shi da hutu. Amma kudancin Tekun Indiya, inda Bilkisu take, shi nasa lokacin yana farawa ne daidai sa'ad da na Nasiru ke ƙarewa, daga Nuwamba har Afrilu, domin zafinsu yana zuwa lokacin sanyinmu. Wato ni kusan ba ni da watan da zan kwanta da kwanciyar rai. In na sauke fargabar ɗa, sai in ɗauki ta 'ya.

A Satumbar shekarar da nake ba ku labari, wata guguwa ta nufi garin su Nasiru. Na bi ta tun tana ƙaramin hadari, na yi ta kiransa har ya kwashe matarsa da yara suka yi tafiya mai nisa cikin cunkoso, suka kama ɗaki a wani gari. Sai guguwar ta karkata ta sauka can wani wuri. Ko reshen bishiya bai karye a unguwarsu ba. Ya dawo ya tarar an rubuta masa gargaɗi a wurin aiki. Bai yi mini rashin kunya ba, amma da muka yi waya muryarsa ta gaya mini komai. Daga nan aka sa mini suna a gidan nan, Baba mai guguwa. Mahaifiyarku, Hajiya Rabi, ita ce kan gaba wajen tsokanar.

Ana cikin haka Bilkisu na da cikin fari, ana sa ran haihuwa a Maris. Sun riga sun tsara komai da mijinta. A can za ta haihu, a wani asibitin kuɗi kusa da gidansu, Hajiya kuma za ta je ta zauna da ita ta yi mata wankan jego. Har an yi wa Hajiya fasfo, ta fara tara daddawa da kuka da yajin jego, tana gaya wa maƙwabta za ta ga teku. Ni kuwa tun da Nuwamba ta kama nake kallon mashigin ruwan da ke tsakanin Mozambik da tsibirin Madagaska. Ruwan ya yi ɗumi da wuri. Na nemi taswirar garin, na ga yawancinsa fadama ce da aka cike aka yi gini, kusan daidai da tsayin teku, hanyar mota ɗaya ce kuma ke fita da shi, tana bi ta kan kogi. Asibitin da suka zaɓa yana cikin kwarin.

Wata ranar Juma'a bayan mun dawo masallaci na tarar da Hajiya a tsakar gida tana tankaɗen garin kunu, na ce mata ina so Bilkisu ta dawo gida goyon ciki.

“Wace sabuwa ce kuma wannan, Malam?”

“Watan haihuwarta tsakiyar lokacin guguwarsu ne.”

“Ba kai da bakinka ka ce lokacin guguwa ya wuce ba?”

“Na Nasiru ne ya wuce. Nata yanzu ya fara.”

Ta ajiye rariyar ta dube ni.

“To ka ga wata tana zuwa ne?”

“Ban gani ba. Ba a ganinta sai saura 'yan kwanaki. In kuwa aka gan ta, babu jirgin da zai ɗauki mai cikin wata tara.”

“Wato ba ka ga komai ba. Malam, ka ji tsoron Allah. Yarinyar nan a ƙarƙashin wani take. Ka sa ɗanka ya kusa rasa aiki, yanzu kuma gidan surukinka za ka shiga?”

Gaskiya ta faɗa, ban ga komai ba. Aikinmu bai taɓa cewa abu zai faru ba, sai dai ya ce mai yiwuwa ne. Shekaru da yawa sukan wuce guguwa ba ta taɓa wannan garin ba, na kuma san haka. Abin da na kasa cirewa a raina shi ne hoton mace tana naƙuda a garin da ruwa ya shanye, babu wuta babu hanya. Na yi istihara, na ƙara jira har Disamba ta shiga, sannan na kira Kabiru.

Ina so Hanifa ta san irin mutumin da ubanta yake. Yaro ne mai ladabi, ɗan Zariya, mai saurin dariya, ba ya ɗaga murya. Ya saurare ni har na gama bayanin tekuna da watanninsu, sannan ya ce abokan aikinsa sun shekara da shekaru a garin, iska takan zo ta wuce, gidansu na bulo ne mai ƙarfi, kamfani kuma yana da tsarin kwashe mutane idan abu ya taso.

“Baba, haihuwar fari ce. Ina so in kasance a wurin. In ta taho ba zan samu hutu ba sai bayan Afrilu.”

Da na ga hujjar ilimi ba ta kama shi ba, sai na koma ga wadda na san ba zai iya musawa ba. Na ce al'adarmu ce mace ta yi haihuwar fari a gaban iyayenta, kuma ni uban Bilkisu ina neman wannan alfarma a wurinsa. Sai ya ce,

“Shi ke nan, Baba. Yadda ka ce haka za a yi.”

Tun daga ranar bai ƙara kirana don kansa ba, sai dai in ya kira matarsa ya ce a gaishe ni.

Bilkisu ta sauka a farkon Janairu, ƙafafunta a kumbure. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ta saba, ta shige ɗakin mahaifiyarta, daga nan kuma gaisuwar safe da ta yamma kaɗai ke haɗa mu. Hajiya ta mayar da fasfonta cikin akwati, ta rarraba wa maƙwabta daddawar. Gidan ya yi wani irin tsit. In na shigo falo suna hira sai hirar ta mutu. Janairu ta wuce lafiya. A Fabrairu guguwa biyu suka taso, ɗaya ta mutu a tsakiyar teku, ɗayar ta bugi wancan gefen Madagaska ta watse. Kabiru yakan turo wa Bilkisu hotunan sararin sama fes, da jiragen ruwa a tsaye kan ruwa kwance, ita kuma sai ta nuna wa uwarta a gabana ba tare da ta dube ni ba. Wallahi a lokacin addu'ata ita ce Afrilu ta zo ta same ni cikin kunya, a yi mini dariya a wuce wurin.

A farkon Maris na ga wani curin gajimare a arewacin mashigin. Bai yi kama da abin tsoro ba. Ya yi ta jan jiki yana kai da komo, ya taɓa ƙasa ya sake komawa kan ruwa, kuma komawar nan ce ta tayar mini da hankali, domin ruwan da ya koma kansa ya fi ko'ina ɗumi. Washegari da safe ya fara naɗewa. Kafin la'asar ido ya buɗe a tsakiyarsa, baƙin rami zagayayye kamar bakin rijiya. Na shekara talatin da wani abu ina kallon irin hotunan nan, ban taɓa ganin wanda ya tsorata ni kamar wannan ba. Duk hasashen da na duba, layin ya nufi garin su Kabiru.

Ban gaya wa matan ba. Na fita ƙofar gida gindin dalbejiya na kira shi.

“Kabiru, ka bar garin nan yau. Kada ka jira gobe. Hanyar kan kogin ce za ta fara yankewa.”

“Mun samu sanarwa, Baba. Kamfani ya kawo motoci.”

“Za ka shiga?”

“Ana tsarawa. Kada ka gaya wa Bilkisu, hawan jininta ya ɗan tashi.”

“Na ce za ka shiga?”

“In sha Allahu, Baba.”

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Ya kira Bilkisu da yammar, ya ce mata ana sa ran ruwa da iska, wataƙila layin waya ya samu matsala, kada ta damu. Washegari wayarsa ta daina shiga.

Ɓoyon bai yi nisa ba. Rediyo ya faɗa, sannan hotuna suka fara yawo a wayoyin mutane, rufin gidaje a ƙasa, mutane a kan bishiyoyi, ruwa ja ya shafe inda gari yake. Bilkisu ta fito ta same ni a falo da kwamfutar a gabana. Rabonta da yi mini doguwar magana tun kafin saukarta.

“Baba, nuna mini inda ta sauka.”

Na nuna mata.

“Ina gidanmu yake a nan?”

Na ɗora yatsa. Wurin ɗaya ne. Ta daɗe tana kallon yatsan nawa, sannan ta ce,

“Da ina can da tare muke.”

Ta juya ta koma ɗaki. Ban bi ta ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na so in sake ganin irinsu. Wayar Bilkisu ba ta bar hannunta ba ko a kan sallaya. Mahaifiyar Kabiru ta taho daga Zariya ta tare a gidan, ta zauna a tabarma da carbi, in na gaishe ta sai ta amsa ba ta ɗago ba. Nasiru yana can yana kiran duk lambar da ya samu ta masu agaji. Ofishin kamfanin da ke babban birnin ƙasar ya ce motocin iyalai sun fita kafin iskar, amma ba su san inda suka tsaya ba, ba su kuma da sunayen waɗanda suka shiga. Wannan maganar muka riƙe. Duk wanda ya shigo jaje sai Hajiya ta ce masa ai motoci sun fita, yana ciki in Allah ya yarda. Ni ma haka nake faɗa, amma “ana tsarawa” ɗin nan da ya ce mini tana ci mini rai.

Ana cikin wannan zaman, wata ranar da hantsi, Hajiya ta ƙwala mini kira daga ɗaki da muryar da ban taɓa ji ba. Jini ne ya ɓalle wa Bilkisu, ba naƙuda ba, jini kawai kamar an buɗe famfo. Maƙwabcinmu ya fito da motarsa, muka shimfiɗa ta a baya kanta a cinyar uwarta, muka bi ta cikin cunkoson Kawo yana danna oda ina ɗaga wa mutane hannu. Kafin mu isa leɓenta ya yi fari. Likitar da ta karɓe ta ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ce mabiyiya ce ta rabu da mahaifa, sai tiyata yanzu yanzu, ina mijinta ya sa hannu. Na ce ni ne ubanta. Na sa hannun. Aka ɗebi jinina da na maƙwabcin. Bayan azahar aka fito mana da Hanifa, 'yar mitsitsiya, tana tsala kuka. Likitar ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da ba ta jin za a samu ko ɗaya daga cikinsu.

Bilkisu na kwance a asibiti saƙon ya zo ta wayar Nasiru. Kabiru bai shiga motar ba. An same shi a harabar aikinsu, inda katangar wani sito ta faɗa wa waɗanda suka fake a jikinta. Musulmin garin sun yi masa sutura sun binne shi a kan tudu tare da sauran. Ni na gaya wa mahaifiyarsa. Hajiya ce ta gaya wa Bilkisu, bayan an sallame ta. Aka yi suna ba taro, aka yanka rago aka raba, masu zuwa barka su ne masu zuwa ta'aziyya.

Bayan watanni, damina ta kankama, wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce sunansa Yohanna, mutumin Kafanchan ne, tare suke aiki da Kabiru a can, ya zo hutu ya ga bai kamata ya koma bai yi mana gaisuwa ba. Ya kawo agogon Kabiru da wata jakarsa. Na shigar da shi falo. Bilkisu tana ɗakin da ke kusa, labule kaɗai ne tsakaninmu, na kuma san tana ji.

Ya ce motocin ba su isa kowa ba, sai aka ce masu mata da yara su fara shiga, za a dawo a ɗauki sauran. Shi yana da mata da 'ya'ya uku, ya shiga. Ya ce ya matsa wa Kabiru ya zo su matse a kujera ɗaya, Kabiru ya ƙi, ya ce wurin na masu iyali ne, shi nasa iyalin suna Malali suna cin tuwo. Motocin ba su samu dawowa ba.

Wato da Bilkisu tana can, da Kabiru ya shiga mota. Wannan ita ce maganar da danginsa suka riƙe, kuma ba ƙarya suka yi ba. Na tambaye shi inda motocin suka kai su. Ya ce ba su yi nisa ba ruwa ya cinye hanya gaba da baya, suka hau wata makarantar firamare a kan tudu, suka yi fiye da mako a can kafin jirgi mai saukar ungulu ya fara jefo musu abinci.

“Akwai likita a cikinku?”

“Babu, Baba. Ko mai ba da magani babu.”

Na sha juya maganar nan a raina ta kowace fuska, ban samu inda za ta zauna ba. Na kira 'yata gida, ta rayu ita da abin da ke cikinta, mijinta kuma ya tsaya a inda da tana nan ba zai tsaya ba. Duka biyun sun faru, ba kuma zan ɓoye wa Hanifa ko ɗaya ba.

Yohanna ya miƙe zai tafi, sai Bilkisu ta ɗaga labule ta fito da jaririyar a kafaɗa. Ta gaishe shi, ta ce,

“Da kuka rabu, ya ce wani abu?”

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi.

“Yana taya mu loda kaya, sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga kwano. Sai ya kalli sama ya yi dariya, ya ce, Yohanna, na shiga uku. In na koma Kaduna surukina ba zai bar ni in sha ruwa ba, sai ya zaunar da ni ya sake karanta mini tekunan duniya tun daga farko.”

Dariya ta kuɓuce wa Bilkisu, ta farko tun rasuwar, ta kuwa rikiɗe ta zama kuka tun ba ta rufe baki ba. Jikinta ya hau rawa har na ji tsoron yarinyar za ta suɓuce. Ta waiga, uwarta ba ta kusa, sai ta miƙo mini ita.

“Baba, riƙe ta.”

Na karɓe ta. Bilkisu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafuna, ta jingina kanta da gwiwata, ta yi kukanta har ta gaji.